Gurbin Sunan Miji

Malam Khalilu ya ɗaga fayil ɗin sama da kansa daidai lokacin da motar ta faɗa rami, nonon da ke cikin bokitin matar da ke kusa da shi ya yi tsalle ya fantsamo. Rigarsa ta sha, hular ma ta samu nata rabon, amma fayil ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Sannu Baba, don Allah ka yi haƙuri," in ji matar, tana neman abin da za ta goge masa.

"Bar shi kawai, 'yata. Riga ce, ita ana wanke ta."

Ya sauke fayil ɗin a kan gwiwarsa ya shafa bayansa. Duk wanda ya san Malam Khalilu ba zai yi mamaki ba. Shekara ashirin da takwas ya yi yana buga tafireta a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma har ya yi ritaya ba a taɓa dawo masa da takarda an ce gyara nan ba. In ma an taɓa, to shi dai bai tuna ba. Da ya koma gida, Gidan Buwai, can bayan Bagwai inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, sai ya sayi tsohuwar tafireta a gwanjo ya girke ta a zaure. Wasiƙar coci, sanarwar masallaci, takardar neman taki, duk ta ƙarƙashin yatsunsa suke bi.

Matan garin ma shi ne akawunsu, kyauta. Su goma ne masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shida 'yan coci, huɗu Musulmi, amma turmi bai san wannan ba, ranar suya tsakar gida ɗaya suke cikawa. Shugabarsu matarsa ce, Kaltume. Rachael kuwa, matar maƙwabcinsa Zachariah, ita ta koya musu karatu da rubutu a ajin yamma, shekara uku ke nan, har ga shi yanzu kowacce na iya lalubar saƙo a tsohuwar wayar da 'ya'ya suka bar mata.

Wata ƙungiya mai tallafa wa manoma a Kano ce ta ce za ta ba su injin matse mai. An zo an duba su, an ce sun cancanta, abin da ya rage kawai jerin sunaye, kuma yau Alhamis ƙarfe huɗu ake rufewa. Wanda bai kammala ba, injinsa na wasu ne. Sai dai mutanen ba su aiko da fom ba. Wani ɗan shuɗin rubutu suka turo a waya, wai shi linki, in ka danna sai takardar ta buɗe a shafin intanet, kowace mace ta shiga daga inda take ta cika layinta.

Ranar da Rachael ta nuna masa, sai da ya juya wayar gaba da baya.

"To ita takardar tana ina?"

"Tana intanet, Malam. Mu nan muna gani, su can Kano suna gani."

"Na ji. Cewa na yi tana ina? A wane ofis, a aljihun wane tebur, makulli a hannun wa?"

Rachael ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. Shi kuwa ko murmushi.

"Takardar da kowa zai zura wa hannu ai ba takarda ba ce, rijiyar bakin hanya ce. Ku je ku yi naku, ni ma zan yi nawa. Da tsohuwar zuma ake magani."

Suka je suka yi nasu, kwana biyu suna zaryar gindin ɗorawar bakin gari, don a nan ne kaɗai sabis ke tsayawa. Shi kuma ya bi gida-gida ya karɓi katin ɗan ƙasa na kowace mace da na mijinta ko magajinta, ya kai Bagwai aka yi masa hotonsu, ya zauna ya buga jerin tsaf, ya kai wa mai unguwa ya danna hatimi. Shi ne yau ya ɗauko hanya.

Mutane sun ɗauka taurin kai ne kawai na tsohon akawu, kuma akwai wannan ɗin, ba a musu. Amma akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe yana ganin Kaltume ta zauna bakin ƙofar ɗaki tana murza man zafi a wuyan hannunta kafin ta iya ɗaga buta. Shekara talatin tana tuƙa tunkuza a turmi har mai ya fito, hannun ya gaji. In ya yi magana sai ta ce sanyi ne. Yana son injin nan ya zo fiye da yadda ya taɓa son wani abu a 'yan shekarun nan, shi ya sa ba zai bar shi a hannun takardar da ba ta da aljihun tebur ba.

Cunkoson manyan motoci a Dawanau ya cinye masa awa guda. Kafin ya yi sallar azahar ya gano ofishin, ƙarfe biyu ta gota. Aka nuna masa teburin wata matashiya mai farin gilashi, Rumaisa, wadda aikin ke hannunta. Ta miƙe ta gaishe shi, ta jawo masa kujera, ta karɓi fayil da hannu biyu. Wannan ya yi masa daɗi.

"Baba, wannan da tafireta aka buga? Ka ga layi kamar an ja da zare."

"Shekara ashirin da takwas," in ji shi, yana gyara zama.

"Ma sha Allah. Sai dai, Baba, ba zan iya karɓar ta a matsayin jerin ba."

Ta yi masa bayani a hankali. Bara wani mutum ya kawo musu ƙungiya uku, an buga tsaf, ga hatimi ga sa hannu, da aka je dubawa ko mace ɗaya babu, shi kaɗai ne ƙungiyar. Tun daga nan aka ce kowace mace ta cika layinta daga wayarta, don shafin yana riƙe wanda ya rubuta da lokacin da ya rubuta.

"Amma kada ka damu, ai na ga matanku sun shiga tun shekaranjiya. Bari mu duba."

Ta juyo da fuskar kwamfutar yadda zai gani. Ga sunayen mata goma reras, ga lambar kati, ga shekaru. Sai ta gangara dama, gurbin ƙarshe, inda aka rubuta "sunan miji ko magaji". Ta cire gilashi ta goge ta mayar. Sai kafaɗarta ta fara rawa, ta sa bakin mayafi ta toshe baki.

Malam Khalilu ya matso ya karanta. Layin matar wani manomi Shago an rubuta "Maigida". Na ƙasa da shi, "Baban Joyce". Wata ta sa "Mai babur", wata ta sa "Shi". Rachael da kanta, malamar aji guda, cewa ta yi "Baban yara". Inna Hure, wadda mijinta ya rasu, magajinta kuma ɗanta na fari ne, ta rubuta "Yaron nan". Matar Aaron kuwa ba ta wahalar da kanta ba, "Kun san shi" ta sa. A layi na ɗaya, layin shugaba Kaltume, kalma ɗaya ce tal: "Malam".

"Ga shi nan," in ji Malam Khalilu, ya buga tafin hannu a gwiwa. "Ga abin da na faɗa. A tawa takardar duba ki gani, akwai wanda ake kira Kun San Shi?"

"Babu, Baba," in ji Rumaisa, tana share hawayen dariya. "Wallahi laifinmu ne da ba mu yi tunani ba. Ni kaina ban taɓa jin sunan mahaifina a bakin Ummata ba."

Daɗin cin gardama bai daɗe a bakinsa ba. Ya jawo allon madannan gabansa, yatsunsa suka hau layin tsakiya da kansu.

"Matsa kaɗan, minti biyu ya ishe ni."

"Baba, in ka buga daga nan, shafin zai nuna hannu ɗaya ne ya cika gurbi goma, daga cikin ofishinmu ma. Masu tantancewa za su jefar da shi. Dole daga wayoyinsu, kuma sunan ya zo daidai da na kati, don shi ne zai gaji kason mace a injin in ta Allah ta kasance."

Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Biyu da minti ashirin da biyar. A nan tsoro ya kama shi sosai. Ya san matan nan. Shekara talatin da uku yana tare da Kaltume, ko da wasa, ko cikin faɗa, ko ranar da kunama ta harbe ta tana kiran agaji, bai taɓa jin sunansa ya fito daga bakinta ba. In baƙo ya zo mai suna irin nasa, sai ta ce mai sunan Malam. Wannan ce za a ce ta zauna ta rubuta, Kano na kallo?

Ya kira wayarta, ba ta shiga. Ya kira ta Rachael, haka. Sai ya tuna yau ake gayyar cirar gyaɗa a gonar Shago, can cikin kwari, inda ko aljani bai samun sabis. Ya kira Zachariah, Allah Ya taimaka yana bakin titi yana facin tayar babur. Ya karanta masa abin da ke shafin. Tsawon minti guda ba abin da yake ji sai dariya.

"Baban yara? Ni ke nan? To ai ba ta yi ƙarya ba."

"Zachariah, bar dariyar nan ka hau babur. Ka kwaso su duka ka kai gindin ɗorawa, kowacce da katinta. Ko da ƙasa a hannunsu."

"An gama, Malam. Amma Kun San Shi ɗin nan, yau Aaron ya samu sabon suna har kabari."

Jira ya fi tafiya wuya. Rumaisa ta kawo masa ruwan sanyi, ya sha rabi ya ajiye. Don ya rage zafin zaman sai ya koma kan gardamarsa.

"A zamaninmu takarda uwa ɗaya gare ta. Ta asali tana fayil, kwafi biyu na kabon. In an ga kuskure an san wuyan wanda za a kama."

"A nan ma an sani, Baba. Har minti nawa ya yi kuskuren."

"In wuta ta ɗauke fa? In sabis ya gudu?"

"Sai a jira," ta ce. "Wannan kam ka fi ni gaskiya. Amma ka duba, da takarda ce aka samu wannan matsalar, da yanzu kana tasha kana neman motar Bagwai, gobe ka dawo an rufe."

Ya ɗauki sauran ruwan ya shanye.

Uku da minti goma sai ga wani ɗan tsinke ja ya bayyana a cikin shafin yana ƙiftawa, da suna a kansa: Rachael. Sai shuɗi, sai ruwan ɗorawa, sai kore. Kafin ka ce kwabo shafin ya cika da tsinkaye goma, kowanne da sunan mai shi, suna ta kai da kawo kamar kaji an watsa musu tsaba. Malam Khalilu ya matso da kujera. Bai taɓa ganin takarda mai rai ba.

Yana cikin kallo sai jerin gaba ɗaya ya yi shuɗi, sannan ya ɓace. Fari fat, ko suna ɗaya babu.

"Innalillahi," ya ce, ya miƙe tsaye.

"Zauna, Baba. Inna Hure ce ta danne da babban yatsa."

Rumaisa ta taɓa wani wuri sau biyu, jerin ya dawo yadda yake, har da Kun San Shi. Malam Khalilu ya zauna a hankali. Ya tuna wata rana da shayi ya zube a kan rahoton shafi goma sha biyu, ya kwana biyu yana sake bugawa. Bai ba ta wannan labarin ba.

Wayarsa ta yi ƙara, Rachael ce. Rumaisa ta nuna masa inda zai danna kowa ya ji. Hayaniyar gindin ɗorawa ta cika ofishin, ga dariya, ga kukan goyo, ga muryar Zachariah can baya yana tsokanar wani.

"Malam, na gaya musu," in ji Rachael. "Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sun ce to ni in fara."

"To ki fara mana."

"Ai Malam, ni ma hannun ya ƙi."

Aka sake fashewa da dariya. Sai ga muryar Inna Hure, ta tsufa amma ba ta dushe ba.

"Malam Khalilu, kana ji na? Ni in rubuta sunan yaron nan, ɗan fari, da hannuna? Me zan ce wa uwata in na same ta a can? In haka ne injin ya yi zamansa a Kano."

"Inna, uku da kwata ta wuce," in ji shi.

"To ku tsaya, ku duk ba ku da dabara. Wa kuka taɓa gani ta yi wa kanta kitso? Ke ungo wayata ki rubuta nawa, ni in rubuta naki. Sunan mijin wata ai ba ya ƙona baki."

Wurin ya kaure da shewa. Rachael ta dawo kan layi.

"'Yar'uwa ta ofis, kin ji. Ya halatta?"

Rumaisa ta ɗan yi tunani, tana juya biro.

"Ku kira ni ta bidiyo. Kowacce ta ɗaga katinta da wayarta in gani."

Aka kira. Fuskoki goma suka cunkushe a ɗan gilashin waya, da ƙasar gona a goshi, ɗankwali ya karkace, kowacce na ture 'yar'uwarta. Rumaisa ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa ana ɗaga kati. Malam Khalilu ya hango Kaltume can gefe, ta ɗaga nata ba ta dubi wayar ba.

"Abin da muke nema shi ne mace tana nan, wayarta ce, kuma da yardarta," in ji Rumaisa. "Na ga wannan da idona, zan kuma rubuta na gani. Ku yi kitsonku."

Daga nan sai aiki ya kankama. "Maigida" ya goge, Shago ya fito. "Yaron nan" ya zama Muntaka. Kun San Shi ya koma Aaron, ana jin matarsa a waya tana cewa a yi maza a sauka daga layinta. Rumaisa ta buɗe fayil ɗin Malam Khalilu ta shimfiɗa a gabanta, duk sunan da ya fito sai ta duba takardarsa da hoton katin, ta sa alama.

"Ka ga amfanin taka, Baba. Ba don ita ba da sai na bi su ɗaya-ɗaya suna karanto mini lamba."

"Ai na faɗa," ya ce, amma a hankali, don idonsa na kan layi na ɗaya.

Uku da minti arba'in, layi tara sun cika. Tsinkaye suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Saura kore mai sunan Kaltume, yana tsaye a gurbin ƙarshe na layin farko, kusa da kalmar "Malam", yana ƙiftawa.

"Rachael, layin shugaba fa? Wa ke riƙe da wayarta?"

"Ita ke riƙe da abarta, Malam. Na miƙa hannu ta hana. Inna Hure ta roƙa ta hana. Ta tashi ma ta koma bayan bishiya."

"Ba ni ita."

Ya ji takun ƙafa, ya ji ana magana ƙasa-ƙasa.

"Ta ce ba ta da abin cewa."

Ransa ya ɓaci, ɓaci na gaske. Mata tara sun yi abin da ya kamata, sai tasa, wadda saboda hannunta ya sha nono a riga tun safe, ita ce za ta kayar da kowa. Ya fara shirya maganganun da zai gaya mata in ya koma, masu zafi, irin waɗanda bai taɓa gaya mata ba. Agogo ya ce saura minti goma sha uku.

"Baba," in ji Rumaisa a hankali. "Duba."

Kalmar "Malam" ta fara raguwa daga ƙarshe, harafi bayan harafi, har gurbin ya zama fari. Koren tsinken ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai harafin farko ya fito, babba. Aka jima, na biyu ya biyo. Na uku. Sai duk suka goge a lokaci guda, kamar wadda ta leƙo zaure ta ga baƙi ta koma.

Malam Khalilu ya ga ya riƙe gefen tebur da hannu biyu. Ya san yadda take rubutu, da yatsa ɗaya, harshe a gefen baki, wuyan hannun nan mai ciwo a kan gwiwa.

Harafin farko ya dawo. Wannan karon bai goge ba. Na biyu, na uku, a hankali, kowanne sai ya zauna daram kafin na gaba ya zo. Mutumin da ya buga sunansa a ƙasan takardu sun fi dubu ya zauna yana jiran harafi na gaba kamar bai san abin da zai zo ba. Da na bakwai ya sauka, sunan ya tsaya cikakke a layin Kaltume, sai ta ƙara sunan mahaifinsa, wannan da ɗan sauri. Koren tsinken ya ƙifta sau biyu ya ɓace.

Duk maganganun da ya shirya suka bi iska. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya cire hula yana duba tabon nono.

Rumaisa ta duba kati, ta sa alama ta goma, ta danna wani wuri.

"Huɗu saura minti shida. Na kulle, yanzu ba mai iya taɓa ko ɗigo. Injinku sati mai zuwa, in sha Allahu."

Ta faɗa a waya, gindin ɗorawa ya ɗauki guɗa har sai da ma'aikacin tebur na gaba ya ɗago kai yana murmushi. Malam Khalilu ya tattara fayil ɗinsa, ya yi godiya, ya kai bakin ƙofa, sannan ya dawo.

"'Yata, kin ce abin nan yana riƙe wanda ya rubuta."

"Yana riƙewa."

"Har yaushe?"

"Ko bayan shekara ka buɗe yana nan."

Ya ciro wayarsa, wadda autarsu Khaulat ta saya masa, wadda bai taɓa yin komai da ita ba sai kira da haska fitila. Rumaisa ba ta tambaye shi dalili ba. Ta sa masa linkin, ta nuna masa inda zai taɓa sau biyu. Ƙaramin rubutu ya fito a gefen sunansa: Kaltume ce ta rubuta, uku da minti hamsin da huɗu.

Rana ta yi ja kafin ya sauka a bakin gari. Tun daga nesa yara ke gaya masa an samu inji, kamar ba shi ya je ba. A ƙofar gidan Aaron ya tarar an taru ana kiran mai gidan da sabon sunansa, shi kuma yana rantsuwa zai yi ƙara wurin mai unguwa, yana dariya.

Kaltume na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ta tashi ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta ajiye, idonta a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Malam. Me ya samu rigar?"

"Nono ne." Ya sha ruwan. "An karɓi takarda."

"Mun ji."

Ta koma kan faifanta. Ya zauna a kan turmin da aka kifar, ya ɗora fayil a gwiwa, ya yi ta kallon hannunta.

"Rachael ta ce kin hana wayarki. Saura kaɗan ki sa zuciyata ta tsaya a ofishin mutane."

Ta fasa gyaɗa biyu kafin ta amsa.

"Ina zaune da raina da hannuna, wata ce za ta rubuta mini shi?" Ta watsa ɓawon gefe. "Kuma ai ban faɗa ba. Hannu ne ya rubuta."

Ta ɗauki faifan ta shige madafa da sauri, amma ya riga ya ga bakinta.

Ya ɗan zauna. Sannan ya shiga zaure ya ajiye fayil a kan tafireta, ya rufe su da ƙyalle, ya fita ta bayan gida ya bi gefen gonar dawa har gindin ɗorawa. Ƙasa duk sawun mata ne da ɓawon gyaɗa. Ya ɗaga wayar sama yana neman sabis, ya samu, ya taɓa sau biyu.

A nan Zachariah ya same shi, yana dawowa daga kai Inna Hure gida a babur. Ya tsaya ya kashe inji.

"A'a, Malam Khalilu, kai ne a bakin rijiyar hanya? Me kuma ake gyarawa?"

"Babu abin gyara," in ji Malam Khalilu, bai ɗago kai ba. "Dubawa nake kada wani ya taɓa."

Alhali a gabansa aka kulle takardar tun huɗu saura minti shida.